Liyatu Mai Farar Ƙasa da Bangon Dattijo Irimiya

Duk wanda ya zauna a Minna daga shekarar da aka yi jiha zuwa farkon shekarun casa'in, in dai ya taɓa shafa wa ɗakinsa fari, ya san Liyatu. Rumfarta tana bayan kasuwa, ta wajen layin dogo, inda ƙasa ta yi fari fat saboda abin da ke zuba daga bokitai. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa. Ido ɗaya gare ta, na dama. Kuncinta na hagu kuwa, tun daga gindin kunne har haɓa, rami ne kusa da rami, har baƙi kan ɗauka agana ta yi tana yarinya. Ba agana ba ce. Dutse ne ya ci ta, kuma har ta tsufa ba ta taɓa ɗora wa dutsen laifi ba.

'Yar Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, daga wani ƙauye a gindin duwatsun Paiko. Ta yi aji uku a makarantar mishan, ta iya karanta littafin waƙoƙi, sa'an nan aka ɗaura mata aure da Shekwolo, mutum mai sanyin hali wanda magana ba ta dame shi ba. Sun shigo Minna a 1976. Kafin wannan shekara Minna garin jirgin ƙasa ne kawai: tasha, gidajen ma'aikatan reluwe, inuwar mangwaro, da kukan jirgi wanda mata ke ɗora tukunya da shi. Sai aka wayi gari ta zama babban birnin jiha. Gini ya tashi ko'ina, ofisoshi da makarantu da bariki, kowane bango kuma yana jiran fari. Fenti na manya ne. Sauran jama'a farar ƙasa ce tasu.

Shi ya sa wani kamfani ya kafa matoya a bayan gari, kan hanyar Paiko. Tifa ce ke kawo farin dutse daga wajen Kwakuti, maza su farfasa shi da guduma, kowane ɓari kamar dunƙulen hannu. Matoyar doguwa ce, kamar an ɗora rumbu uku bisa juna, ƙarfe a waje, bulo a ciki. Ta sama ake ciyar da ita, shimfiɗar dutse, shimfiɗar kwal, ta ƙasa kuma ake janye abin da ya ƙone, wutar ba ta mutuwa rani da damina. Shekwolo na cikin masu kula da wutar. Abokansa kan tsokane shi, su ce ga mai haƙurin nan da aka ce yakan dafa dutse, yaushe za a ba mu romon? Ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa.

Dutsen yakan fito da kamanninsa na dā, amma ya zubar da kusan rabin nauyinsa a cikin wuta, ya fito da ƙishirwa. Ɗigon ruwa in ya taɓa shi, sai ya yi huci kamar kububuwa, ya kumbura, ya tsage, ya tafasa har ya iya dafa ƙwai. Sai an zuba shi a rami ya sha ruwa ya ƙoshi, ya kwanta ya huce, kafin ya zama farar ƙasa mai laushi kamar kindirmo. Ita ake shafa wa bango da kabari da gindin itace. Majema na saye don cire gashin fata, gidan ruwa na saye don tace ruwan sha, ana zubawa a masai don kashe wari, manomin da gonarsa ta yi tsami ma yakan barbaɗa. Amma tsakanin wuta da rami, ƙonannen dutse abin tsoro ne. Doka ɗaya ce a wurin, ana gaya wa kowa ranar da aka ɗauke shi aiki: in hadari ya haɗu, ba a taɓa dutse. A ja tamfol a rufe, kowa ya shiga rumfa.

Ɗaukar dutsen daga gindin matoya zuwa mota aikin mata ne, kuma yawancinsu 'yan Gbagyi ne. Macen Gbagyi ba ta ɗaukar kaya a ka. Kai sarkin jiki ne, in ji su, ba a ɗora wa sarki kaya. A kafaɗa suke ɗauka, itace ne ko doya ko tulu, haka iyayensu suka yi. Kowace safiya sukan shafe wuya da man kaɗanya, don ko gumi yana tayar da ƙurar dutsen, su naɗa tsumma, su ɗora kwanon sarki a kafaɗar hagu, su hau katako su juye a mota. Liyatu tana cikin masu ƙarfinsu.

Heluman masu lodi, wato shugabansu, shi ne Irimiya, dogo, da usur a wuya. Ba mugu ba ne irin wanda ake gudu. Mai gaggawa ne, mai son manya su yaba masa. Ya san mota, ya san awo, amma bai taɓa sauka wajen ramukan jiƙo ba, yana cewa wannan kwaɓar mata ce.

A ƙarshen Satumba na 1978, ana gab da bikin samun 'yancin kai, aka ce duk dutsen bakin titi da gindin itace na gari sai an shafe shi. Mota na bin mota. Ran nan da la'asar, ana tsakiyar lodi, gabas ta yi baƙi.

"Heluma, dubi gabas," in ji Liyatu.

"Na gani. Ke kika haifi hadarin, da za ki san lokacin da zai sauka?"

"Iska ta juya."

"Ta daɗe ba ta juya ba. Motar nan ba a nan za ta kwana ba. Kwano nawa ya rage? Ku ɗauka."

Ya busa usur, suka ɗauka. Liyatu tana tsakiyar katako lokacin da ruwan ya sauko, ba yayyafi, ba sallama. Matan da ke ƙasa suka watsar da kwanoninsu suka gudu. Ita ba ta da inda za ta watsar, don a bayanta, ƙasa da ita kaɗan, akwai abokiyar aikinta Margaret da tsohon ciki, a gefe kuma maza biyu suna gyaran taya. Dutsen ya fara huci a gindin kunnenta. Ta riƙe kwanon, ta ƙarasa hawa, ta juye shi cikin mota, sa'an nan ta faɗi.

Suka ja ta zuwa rumfa, nesa da ruwa. Duk wanda ya yi aiki a matoya ya koyi tsoron ruwa, saboda haka ba wanda ya yarda a wanke mata ido. Man kaɗanya suka yi ta shafa mata, suka rufe fuskar da tsumma. Daga baya likita ya ce da sun bar ta cikin ruwan sama, ko sun yi ta kwarara mata bokiti bayan bokiti, da wataƙila idon ya tsira. Wannan Liyatu ta yafe tun tana gadon asibiti. Ta ce rashin sani ne, kuma hannun da ya shafa mata man da ƙauna ya shafa.

Abin da ba ta yafe ba, kunnenta na dama ne ya ji shi. Tana kwance a rumfar, fuska a rufe, manaja ya iso da laima yana tambayar abin da ya faru. Irimiya ya amsa a gaban kowa.

"Ranka ya daɗe, laifin kafaɗa ne. Gwarawan nan ba sa jin magana. Da a ka ta ɗauka kamar sauran mutane, da ba abin da ya same ta."

Hadari bai shigo cikin bayanin ba, usur ma bai shigo ba. Margaret ta yi shiru, don mijinta ƙarƙashin Irimiya yake aiki. Shekwolo yana can bakin wuta, bai ga komai ba. Kafin Liyatu ta fito daga asibiti kamfani ya kafa sabuwar doka: duk mai ɗaukar dutse, a ka za ta ɗauka. Matan Gbagyi suka ce ba za su ɗora wa sarki kaya ba, aka sallame su duka, aka kawo wasu. A ƙauyukansu labarin ya isa a karkace: Liyatu ce ta yi sakaci, ta ƙone kanta, ta ja wa 'yan'uwanta. Matan da ta yi shekara biyu tana cin abinci da su a kwano ɗaya suka daina gaishe ta. Magana zarar bunu ce. Ta Irimiya ta fita, ta zauna daram, ta zama gaskiyar da kowa ya sani.

Da ta warke, ba ta guji dutsen ba. Ta haƙa ramuka a bayan gidansu, Shekwolo yana sayo mata ƙonannen dutse daga kamfani, ita tana jiƙawa. Ba ta sayar da abin da bai daɗe a rami ba. Na damina sai rani, na rani sai wata damina. Takan tace shi da rariya mai ƙananan ido, ta zubar da tsakin a masai, ta sa ɗan gishiri don ya kama bango, da ɗan shuɗin wanki don ya yi haske. Farinta ba ya bin rigar mutum in ya jingina. Mutanen Tudun Wada sukan yi layi a rumfarta kafin Salla, Kiristoci kafin Kirsimeti, hedimastoci kafin zuwan sufeto. Da wannan suka ciyar da 'yarsu Sara har ta shiga makarantar horon malamai. A Minna ta wancan lokaci, in aka ce farar ƙasar Liyatu ce, ba a sake tambaya. Suna ne ta gina da hannunta bayan an rushe mata na fari, kuma ba ta da wata dukiya da ta fi shi.

Amma a ƙarƙashin teburin rumfarta akwai gwangwanin madara mai murfi, an liƙe bakinsa da kyandir. Ƙonannen dutse ne a ciki, guda ɗaya, daidai cikin hannu. Ta san fuskar da ta ajiye shi dominta. Sai dai irin wannan dutse ba ya jira. Ko ta yaya aka rufe shi, yana shan laimar iska a hankali. Duk ƙarshen damina in ta buɗe, sai ta tarar ya zama gari mai sanyi, ta zubar, ta ce wa mijinta ya kawo wani.

"Maman Sara," in ji Shekwolo wata shekara, "dutse ma ya gaji ya huce."

"Shi dutse ne. Ni mutum ce."

Majami'a ɗaya suke zuwa da Irimiya, a Tunga. Shi ya bar kamfani ya zama ɗan kwangila, ya yi ƙiba, ya sayi mota, daga baya aka zaɓe shi dattijon ikilisiya. Ranar Jibin Ubangiji yana cikin masu zagayawa da tiren gurasa da ruwan inabi. In ya iso bencin Liyatu, sai ta naɗe hannu ta dubi gaba da idonta ɗaya har ya wuce. In ana addu'a tare aka zo wurin gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, takan rufe baki, ta bari a wuce wurin, sa'an nan ta ci gaba da jama'a.

Fasto Philip, saurayi ne a lokacin, ya zo har rumfa ya same ta.

"Mama, me ya raba ki da teburin Ubangiji?"

"Ban yafe wa wani ba, Fasto. In na karɓa na yi ƙarya."

"Wane ne? Mu kira shi mu sasanta."

"Shi ya sani."

"In bai sani ba fa?"

Ta juya ludayi a bokiti. "To, zai sani," ta ce.

A 1988 tsadar siminti ta kai inda ko masu hali suna lissafin buhu. Irimiya yana gina gidansa na kansa a Tunga, babba, a bakin titi, inda duk mai wucewa zai gani. Ginin ya kai shafe, kuma ya riga ya sanar a majami'a cewa kafin Kirsimeti za a yi addu'ar buɗe gida. Birkilansa, Alhassan, mutumin Tudun Wada, ya ba shi shawara: a haɗa farar ƙasa da yashi da ɗan siminti, shafen zai yi sumul, buhu ɗaya ya yi aikin uku. Amma fa sai ta Liyatu.

Irimiya ya zo da kansa. Ya tarar da ita tana sauke bokiti daga kafaɗa.

"Maman Sara, har yanzu a kafaɗa?" Ya yi dariya. "Ku dai ba a raba ku da halinku."

Ta dube shi. Ba ba'a yake yi mata don ya ƙona ta ba, wannan shi ya fi ciwo. Ya manta. Abin da ta kwana da shi ta tashi da shi shekara goma, shi ya ajiye shi tun a rumfar kamfani ya yi tafiyarsa. Hannunta ya sauka ƙarƙashin tebur ya taɓa gwangwanin. Sabon dutse ne a ciki, na watan jiya. Ga randar ruwa kusa da ƙafarta. Ga fuskarsa ya sunkuyo da ita yana leƙen bokiti.

"Da yawa nake so," in ji shi, "na shafen gida duka, ciki da waje. Kuma da gaggawa."

"Kullum da gaggawa, Dattijo."

"Aiki ba ya jira."

Ta janye hannunta daga gwangwanin. Ido ɗaya na mutum ɗaya, wa zai gani? Za a ce mahaukaciya ta watsa wa dattijo dutse, a kai ta gidan yari, maganarsa ta dā kuma ta ƙara zama gaskiya. Amma bango a bakin titi, gari duka ke karanta shi.

"Za ka samu," ta ce. "Daga tsohon ramina zan ɗebo maka."

Da Shekwolo ya dawo daga aiki ta ce ya kawo mata masu taurin kai. Haka masu wuta ke kiran duwatsun da suka kwana a tsakiyar wuta suka wuce ƙuna. Sun fi sauran duhu da nauyi. In an zuba musu ruwa ba sa huci, ba sa motsi, kamar matattu. Barci suke yi. Sai bayan watanni, in laima ta ratsa su, su farka su kumbura, duk abin da ke kansu su ture shi. Saboda su ne Liyatu ke tace farar ƙasarta.

Shekwolo ya gama wanke ƙafa, ya dube ta.

"Waɗannan zubar da su ake yi."

"Na sani."

"Sunanki fa? Shi muke ci."

"Na ci shi shekara goma, bai ƙosar da ni ba."

Bai ce ta yi ba, bai ce ta bari ba. Washegari ya dawo da buhu a bayan kekensa, ya jingine shi a bakin rami, ya shiga ɗaki.

Ta ɗaure fuska da tsumma, ta daka su a tsohon turmi har suka zama kamar ƙwayar gero. Ta ɗebo farar ƙasa daga ramin da ya fi kowane daɗewa, mai laushi kamar man shanu. Kwanon farko ita ta kai shi Tunga a kafaɗarta. Ta ce wa Alhassan ita za ta riƙa haɗa musu da yashi, gudummawarta ce ga dattijon ikilisiya. A cikin yashi kuwa, wa zai bambanta ƙwaya da ƙwaya? Haka ta yi ta zuwa kowace safiya har aka gama, tana barbaɗawa tana juyawa, leburori suna yaba ƙwazonta.

Gidan ya fito kamar ƙwai. Ranar addu'a aka kafa rumfuna, zumuntar mata ta yi waƙa, baƙi suna shafa bango da tafin hannu suna jinjina kai. Liyatu ta zo da sabon zane, ta ci shinkafa, ta sha lemo, ta yi wa matar gida barka.

Rani ya shiga, bango shiru. Ista ta wuce, bango shiru. Takan bi ta Tunga in za ta kasuwa, ko da yake ba hanyarta ba ce, ta rage tafiya a gaban gidan, ta wuce. Har ta fara tunanin ko waɗannan ma sun huce kamar na gwangwani.

Ruwan Minna daga gabas yake zuwa. Bayan ruwa na uku ko na huɗu, matar Irimiya tana shara sai ta ga ɓawon shafe a gindin bangon gabas, ƙanana kamar farcen babban yatsa. Ta ɗaga kai. Inda kowanne ya ɓalle akwai ɗan rami, a tsakiyarsa ɗigon fari. Da rana in gari ya yi tsit ana jin su, ƙas, can kuma ƙas, kamar ana fasa gyaɗa a ɗaki na gaba. Kafin Agusta bangon gabas ya zama rami kusa da rami tun daga tushe har indararo. Na kudu ya bi, na arewa ya bi, laima ta shiga ɗakuna, falo ma ya fara. 'Yan tasi suka samu sabuwar alama. Fasinja ya ce a sauke shi a gidan agana, ba mai tambayar wane gida.

Irimiya ya ɗora wa birkila. Ya bi masu gini ɗaya bayan ɗaya yana cewa Alhassan ya sace siminti ya cika da ƙasa. Aiki biyu suka kuɓuce wa Alhassan a wata guda. Da labarin ya iso rumfar Liyatu, ta ajiye ludayi. Ta san wannan hanya, an taɓa bi da ita ta kanta.

Ran Lahadi bayan sujada, jama'a na tsaye a farfajiya ana gaisawa, Irimiya yana ba wasu dattawa labarin birkila. Liyatu ta ratsa ta tsaya a gabansu. Ba ta ɗaga murya ba, amma ta yi magana yadda na nesa zai ji.

"Dattijo, ka bar sunan Alhassan. Bai saci komai ba. Ni na sa wa shafenka masu taurin kai. Da hannuna na daka su."

Irimiya ya yi shekaru a matoya, ya san abin da sunan ke nufi.

"Ke? Me na yi miki?"

"Ka tambayi bangon. Wataƙila bai iya ɗauka ba ne. Da a ka ya ɗauka kamar sauran mutane, da ba abin da ya same shi."

Fasto Philip ya dubi wannan ya dubi wancan. "Mama, ban gane ba."

Wadda ta amsa Margaret ce. Mijinta ya daɗe da barin kamfani, 'yar da ke cikinta a ranar kuma ga ta can tsaye cikin 'yan waƙa. Ta fito, ta faɗi komai: baƙin gabas, da gargaɗin Liyatu, da usur, da katako, da kwanon da aka riƙe don kada ya zubo a kan mai ciki. Ta faɗi abin da heluma ya gaya wa manaja, kalma bayan kalma. Ta ce ita ma ta yi shiru, kuma shirun ya ishe ta.

Irimiya ya share gumi. "Shekara goma, Maman Sara? A kan magana ɗaya?"

"Idon ma ɗaya ne."

"Ni ban ma tuna na faɗi haka ba."

"Na sani. Shi ya sa na rubuta maka a bango."

Majalisar dattawa ta zauna. Aka sa Liyatu a horo, ta koma bencin baya, kusa da ƙofa. Ta ce daidai ne, ta yi abin horo, kuma iska ta fi shigowa a can. Irimiya aka ce ya huta da ɗaukar tire tukuna. Bai sake ɗauka ba, bayan wani lokaci ya koma wata majami'a. Bai taɓa zuwa ya ce ta yafe masa ba, ita ma ba ta aika a kira shi ba.

Alhassan ta bi har Tudun Wada, ta durƙusa a ƙofar gidansa ta ba shi haƙuri. Ya ce ya haƙura, aikinsa ma ya dawo, amma daga yau duk farar ƙasar da za ta sayar masa sai ya tace da kansa. Ta ce ko ita ce haka za ta yi.

Sunan kuwa ya tafi, kamar yadda Shekwolo ya faɗa. Hedimastoci ba su dawo ba, 'yan kwangila ma haka. Mutanen unguwa da suka rage, kafin su miƙa bokiti sukan ce, "Mama, ban taɓa yi miki laifi ba ko?" Wasu da wasa suke faɗa, wasu ba da wasa ba. Ramukanta biyar suka koma biyu. Nama ya yi wuya a miyar gidan.

Amma da kaka ta yi, wata safiya sai ga mata sun shigo layin rumfarta a jere, tsofaffi da masu matsakaicin shekaru, kowace da doya a kafaɗa. Matan matoya ne na dā, daga ƙauyukan Paiko. Labari ya isa can, wannan karon a miƙe. Suka sauke doyar a gabanta, suka gaishe ta da harshensu, gaisuwa mai tsawo, ana tambayar gida da yara da gajiya, kamar jiya aka rabu. Ta amsa musu ɗaya bayan ɗaya. Da suka tafi ta jawo gwangwanin daga ƙarƙashin tebur, ta juye shi a masai, ta wanke, ta mai da shi na awon gishiri.

Kamfanin ya rufe a farkon shekarun casa'in. Matoyar ta daɗe tsaye a bakin hanya tana tsatsa, ƙadangaru na shan rana a bakinta. Irimiya ya sa an cike ramukan bangonsa da siminti har sau biyu, kowace damina sababbi su fito a gefen tsofaffi, gidan ya zama dabbare-dabbare. Bango uku daga ƙarshe sai da aka kankare su har bulo. Na yamma ne kawai ya bari, don baranda ta kare shi daga ruwa, jefi-jefi yake fashewa.

Da wa'adin horonta ya cika, Fasto Philip, wanda furfura ta fara fito masa, ya sake zuwa rumfa. Ya zauna a kan bokitin da aka kife.

"Mama, an san gaskiya. 'Yan'uwanki sun dawo. Mutumin ma ba shi ke ɗaukar tire ba. Lahadi mai zuwa akwai Jibi. Yanzu fa?"

Ta kankare busasshen fari daga yatsunta.

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Fasto. Saura bangon yamma."

Ta naɗa tsumma, ta ɗora bokiti a kafaɗar hagu. Wanda za ta kai wa farar ƙasar yana bayan tasha, nan kusa. Ta Tunga ta bi.